Masu Karanta Shuɗin Allo

Duk Talata ta biyu a kowane wata kamfanin Microsoft yakan saki gyare-gyaren Windows. Al'ada ce da ya faro tun Oktoban 2003, kuma galibi abin yakan wuce lami lafiya: kwamfuta ta sauke sabuntawar, ta nemi a kashe ta a sake kunnawa, aiki ya ci gaba. Amma akwai watannin da Laraba kan waye wa mutane da shuɗin allo. A kunna kwamfuta, tambarin Windows ya bayyana, sai fuskarta ta rikiɗe shuɗiya, ta jero wasu kalmomi da manyan baƙaƙe, ta mutu, ta tashi da kanta, ta sake faɗuwa a daidai inda ta faɗi ɗazu. Mai ita ba ya buƙatar dogon tunani. Jiya lafiyarta ƙalau, da dare ta yi sabuntawa, yau ta ƙi tashi. Wa zai zarga in ba Windows ba?

A rumfunan gyara, ko a Titin Beirut na Kano ko a wani lungun kasuwa a Kaduna ko Maraɗi, maganin da ya fi saurin zuwa baki shi ne fomatin: a share komai, a ɗora sabuwar Windows. Ba na ganin baiken mai gyaran da ya yi haka, domin mutum biyar na tsaye a kansa, kuma sau da yawa kwamfutar takan tashi. Sai dai tashin nata da tsada yake zuwa. Hotunan biki sun tafi, kundin digirin ɗalibin da bai ajiye kwafi ba ya bi su, sannan a ɗauko filashin nan dai a sake ɗora mata tsohon antibairos ɗin da ya kayar da ita tun farko. In wata ya zagayo sabuntawar ta sake sauka, sai a koma gidan jiya.

Akwai kuma wasu masu gyaran, ba su da yawa, waɗanda ba sa taɓa komai sai sun ji ta bakin kwamfutar kanta. A duk sana'o'in da kwamfuta ta haifar ban ga wadda ta fi tasu burge ni ba. Aikinsu shi ne rarrabe wanda ya faɗi da wanda ya ture shi, kuma a rikicin antibairos da sabuntawa ne gwanintar tasu ta fi fitowa fili, don a nan ne aka fi barin jaki ana dukan taiki.

Windows kashi biyu ce, kamar gida mai zaure da ƙurya. Manhajojin yau da kullum, irin su Word da Chrome da na kallon bidiyo, baƙi ne, iyakarsu zaure. In ɗaya ya rikice sai a raka shi ƙofa, sauran su ci gaba da hira. Shi ya sa Word ke iya rufewa ba zato, kwamfuta kuma ta ci gaba da aikinta. Ƙurya kuwa, wadda masana ke kira kanel, can ake rabon ma'adanar aiki, can ake magana da faifai da allo da na'urar sadarwa. Mazauna can 'yan gida ne: zuciyar Windows kanta, da ƙananan manhajojin da ake kira direbobi. Babu katanga a tsakaninsu, kowa na iya taɓa kayan kowa. Antibairos maigadi ne da aka shigo da shi har ƙurya, domin in an bar shi a zaure, ɓarawon da ya riga ya shige ciki zai yi ta ɓarna bai sani ba. To maigadin da ke bin ƙofofin da maigida ya nuna masa, ko an yi wa gidan kwaskwarima ba abin da zai same shi. Wanda kuwa ya haddace gidan da taku, yana ratsa duhu ta hanyoyin da ya ƙirƙiro wa kansa, ranar da aka matsar da bango shi ne zai fara karo da shi.

Direban antibairos yana zaune ne a kan hanyar kowane fayil. Duk abin da za a buɗe, ko a rubuta, ko a goge, sai ya bi ta hannunsa. Wanda ya rubuta umarnin fltmc a tagar umarni ta Windows zai ga jerin irin waɗannan matatai, kowace da lambar matsayinta, kuma Microsoft ya ware wa masu antibairos lambobi daga 320000 zuwa 329999. Tun daga Windows 8 ma an ba su damar tashi kafin sauran direbobin wasu kamfanoni, don su riga mugu zuwa. Wannan gatan ne ke juyewa ya zama masifa: in direban ya samu matsala, tun kafin a kai wurin sa kalmar sirri kwamfutar ta riga ta faɗi, mai ita bai samu ko kafar da zai cire shi ba.

Shuɗin allon kuma ba lalacewa ba ne, shawara ce. Windows ce ta lura wani a cikin kanel ya taɓa abin da bai kamata ba, ta san daga nan ba ta da tabbacin komai, har da abin da za ta rubuta a faifai, sai ta gwammace ta tsaya cak da ta ci gaba tana gurɓata fayilolin mutane. Microsoft da kansa ya ƙiyasta cewa kusan kashi 70 cikin ɗari na irin wannan faɗuwa direbobin wasu kamfanoni ne ke jawo ta, kashi 10 kayan ƙarfen kwamfutar, kashi 5 kacal daga nasa rubutun, sauran kuma ma'adanar ta dagule har ba a iya gane mai laifi.

Abin da ya faru a farkon 2018 ya nuna wannan ƙarara. Ranar 3 ga Janairu aka bayyana wa duniya Meltdown da Spectre, nakasun da ke cikin ƙirar furosesa kanta. Meltdown, wanda ya fi shafar furosesoshin Intel, yana ba wa manhaja ta gama-gari damar leƙen ma'adanar kanel, inda kalmomin sirri da makullai ke wucewa. Ba a iya sauya furosesoshin duniya cikin dare ɗaya, don haka aka toshe ɓarakar daga ɓangaren babbar manhaja: Windows ta sauya yadda take shimfiɗa ma'adanar kanel, ta ɓoye mafi yawanta daga manhajojin waje. Wajen gwaji sai Microsoft ya gano cewa wasu antibairos suna shiga wannan ma'adana ta hanyoyin da ba a yarje musu ba, kuma da zarar gyaran ya hau kansu sai shuɗin allo, wani lokacin kwamfutar ba ta ƙara tashi.

Matakin da kamfanin ya ɗauka baƙo ne. Ya ce kwamfuta ba za ta karɓi gyaran Janairu ba, ba kuma za ta karɓi na bayansa ba, sai antibairos ɗin da ke kanta ya sa wata alama a rajistar Windows, a ƙarƙashin sunan QualityCompat, shaidar cewa an gwada shi ya dace. Wani masanin tsaro ɗan Birtaniya, Kevin Beaumont, ya buɗe jadawali a intanet yana bin kamfanonin ɗaya bayan ɗaya, wane ya dace, wane ya sa alamar, wane bai sa ba, mutane suka yi ta dogaro da shi. Sai cutar ta sauya kama. Kwamfutar da antibairos ɗinta ya tsufa, ko Windows 7 da ba ta da antibairos sam, ba ta faɗuwa, ba ta kuka, amma ta daina samun gyaran tsaro shiru, mai ita na murnar ba ta damunsa da sabuntawa. Gwani ne kawai zai kalli kwamfutar da ke aiki sumul ya tambayi yaushe rabonta da gyara. Sai a watan Maris Microsoft ya janye sharaɗin ga Windows 10, a Afrilu kuma ga Windows 7 da 8.1.

To yaya ake jin ta bakin kwamfutar da ta faɗi? Kafin Windows ta mutu takan kwafe wani ɓangare na abin da ke ma'adanarta a daidai lokacin ta zuba a faifai, in ta sake tashi ta mayar da shi fayil. Ƙananan rahotannin suna taruwa a folda mai suna Minidump a cikin foldar Windows, babban kuma sunansa MEMORY.DMP. Abin farko da gwani ke yi, tun kafin ya cire ko ya ɗora komai, shi ne kwashe waɗannan fayiloli zuwa filashinsa. In kwamfutar ba ta tashi, ya tayar da ita daga filashi, ko ya ciro faifan ya haɗa da tasa. Yana hanzarta hakan ne domin manhajojin share shara da mutane ke so suna goge rahotannin tare da sauran tarkace, fomatin kuwa ba ya barin ko ɗaya.

Sai ya buɗe rahoton da WinDbg, manhajar da Microsoft ke bayarwa kyauta. Abin da ke ciki lambobi ne zalla, adireshin wurare a ma'adana. WinDbg kan sauko da fayilolin sunaye daga rumbun Microsoft, waɗanda ke mayar da adireshi suna, sai tarin lambobin ya koma abin karantawa. Umarni ɗaya, !analyze -v, yakan zubo bayani shafi guda. A sama akwai sunan faɗuwar da lambarta. PAGE_FAULT_IN_NONPAGED_AREA, mai lamba 0x50, na nufin wani ya nemi adireshin da babu komai a cikinsa. DRIVER_IRQL_NOT_LESS_OR_EQUAL, mai lamba 0xD1, na nufin wani direba ya miƙa hannu ga ma'adanar da ba ta kusa a lokacin da kanel ba ta da halin jiran a ɗauko ta. Kowace faɗuwa tana zuwa da lambobi huɗu a bayanta, kuma a waɗannan biyun ɗaya daga ciki adireshin da aka nemi taɓawa ne, wata kuma adireshin umarnin da ya yi taɓawar. A ƙasa sai silsilar kira: wane ya kira wane, wane ya kira wane, har zuwa inda aka faɗi. Daga ƙasa ake karanta ta zuwa sama, don kira na ƙarshe ne ke saman jeri.

Har nan kowa zai iya koya cikin yini guda. Gwanintar tana farawa ne daga layin da WinDbg ke bayar da sunan wanda yake zargi. Sabon shiga yakan ga sunan ya rufe littafi. Sau da yawa kuwa sunan da ke wurin ntoskrnl.exe ne, wato kanel ɗin Windows kanta, ko direban faifai, ko na sadarwa, kuma a mafi yawan lokuta waɗannan su ne aka zalunta. Ga yadda abin ke faruwa. Direban antibairos ya nemi wuri a ma'adana, aka ba shi gwargwadon abin da ya nema, ya rubuta fiye da hakan, rubutun ya malala cikin wurin maƙwabcinsa. A lokacin ba abin da ke faruwa. Bayan minti goma, ko awa uku, maƙwabcin ya zo ɗaukar ajiyarsa, ya tarar da shirme, ya bi shirmen zuwa adireshin da babu shi, ya faɗi. Sunansa ne a rahoto. Mai laifin ya daɗe da gama aikinsa, ba ya ma cikin silsilar.

Saboda haka gwani ba ya yanke hukunci da rahoto ɗaya. Yakan jera uku ko biyar ya duba abin da ya haɗa su. In sunan faɗuwar na sauyawa, wanda ake zargi na sauyawa, amma wani direba ɗaya kullum yana nan a tsakiyar silsila, ko kullum faɗuwar na zuwa ne lokacin buɗe fayil, to zaren ya fara kamuwa. In kuwa babu abin da ya haɗa su, yau wannan gobe wancan, sai hankalinsa ya bar manhaja ya koma ga ƙarfe: RAM da ta fara lalacewa, fankar da ƙurar hunturu ta toshe har furosesa ke zafi, wutar janareto mai hawa da sauka. Sai ya gwada RAM ɗin da MemTest86 ya bar shi ya kwana yana aiki. Sabuntawar Windows aiki ne mai nauyi, tana wahalar da faifai da ma'adana, don haka kwamfutar da dama can a kan gaɓa take takan zaɓi wannan daren ta faɗi, antibairos bai san hawa ba bai san sauka ba.

Yakan kuma duba shekarun direbobi. Kowane direba na ɗauke da ranar da aka haɗa shi, kuma direban antibairos na 2015 a kan Windows ta 2024 ya cancanci a tsaya a kansa. Amma ko nan akwai tarko. Daga Windows 10 Microsoft ya daina sa ainihin kwanan wata a wannan gurbi na yawancin fayilolinsa, ya koma sa wata lambar tantancewa, don haka sai ka ga direban Windows na iƙirarin an haɗa shi shekaru masu yawa kafin a ƙirƙiro Windows ɗin, ko a shekarar da ba ta zo ba tukuna. Wanda bai sani ba sai ya ɗauka ya kama ƙwayar cuta. Gwani yakan tsallake waɗannan ya nemi na baƙin kamfanoni, don su ne kwanan watansu ke faɗin gaskiya.

In zargi ya yi ƙarfi amma babu hujja, akwai Driver Verifier, wanda ke cikin kowace Windows tun Windows 2000. Dabararsa tana da kyau ƙwarai. Duk wurin da direban da ake zargi ya nema, sai a ba shi a bakin wani shafin ma'adana da aka haramta taɓawa. Da zarar rubutunsa ya malala, ba sai an jira awa uku wani ya faɗi a madadinsa ba, nan take kwamfutar za ta tsaya da sunansa a saman silsila. Kayan aiki ne mai kaifi, yana iya hana kwamfuta tashi gaba ɗaya, shi ya sa gwani ba ya kunna shi a kan direbobi duka, kuma ba ya kunna shi sai ya tabbatar ya san hanyar da zai bi ya kashe shi.

Labarin da na fi so a wannan fage na Fabrairun 2010 ne. Microsoft ya saki gyara mai lamba MS10-015, kwamfutoci masu Windows XP da dama suka faɗa shuɗin allo suka ƙi tashi. Kowa ya ce gyaran ne, kamfanin ma ya dakatar da rarraba shi. Da yake kwamfutocin ba sa tashi balle su aiko da rahoto, sai da ma'aikatansa suka je har wurin masu su suka ɗauko wasu. Da aka bincika sai ga Alureon, wata muguwar manhaja da ta ɓuya cikin direban faifai, tana zaune a kanel ba wanda ya sani. Ta haddace adireshin wasu wurare a kanel, gyaran ya matsar da su, ta miƙa hannu inda ta saba ta tarar da wani abu daban. Wato kwamfutocin da suka faɗi su ne masu ɗauke da cuta tun tuni, gyaran tona asiri kawai ya yi. Da an tsaya ga cire gyaran, da kwamfutocin sun tashi, cutar kuma ta ci gaba da zamanta. Laifin Alureon a 2010 da na wasu antibairos a 2018 iri ɗaya ne, dogaro da abin da ba a yi musu alkawarin zai dawwama ba, ko da yake ɗaya ɓarna ya zo yi ɗayan kuma tsaro.

Wani lokacin babu ma shuɗin allon. Bayan gyaran 9 ga Afrilun 2019, kwamfutoci masu Windows 7 da 8.1 da ke ɗauke da kayan Sophos, Avast, Avira, ArcaBit ko McAfee suka riƙa sandarewa wajen tashi ko wajen shiga, wasu kuma suka koma tafiyar hawainiya. Wani sauyi ne aka yi a wani sashe na Windows mai suna CSRSS, ya sa antibairos da Windows kowa ya riƙe abin da ɗayan ke jira, ba mai saki. Kwamfutar da ta sandare ba ta barin rahoto, tunda a ganinta ba ta faɗi ba, jira take. Ga wannan ma akwai dabara: a sa wata alama a rajista tun kafin matsalar ta dawo, in ta sandare a danne maɓallin Ctrl na dama a buga Scroll Lock sau biyu. Windows za ta faɗi da gangan ta rubuta rahoto, a ciki a ga wa ke riƙe da me, wa ke jiran wa. Mutum ya kayar da kwamfuta da hannunsa don ta yi magana, wannan ƙarfin hali ne da sai wanda ya san abin da yake nema.

Gano mai laifi rabin aiki ne, sauran rabin cire shi ba tare da an yi asara ba. In Windows ta kasa tashi sau biyu a jere takan buɗe shafin ceto da kanta, daga nan a shiga Safe Mode, inda take tashi da direbobin da ba makawa sai da su, yawancin na antibairos kuma a bar su a waje. Kafin nan gwani yakan tambayi mai kwamfutar makullin BitLocker, lambobi 48, domin sababbin kwamfutoci da yawa suna zuwa da faifansu a kulle mai su bai sani ba, makullin kuma na ajiye a asusunsa na Microsoft. Sannan ya san cewa kashe antibairos daga ɗan tambarinsa na gefen agogo ba ya fitar da direbansa daga kanel. Mutane da yawa sukan ce sun kashe shi amma faɗuwar ba ta daina ba, don haka ba shi ba ne, alhali direban na nan daram. Ko cirewa ta hanyar da aka saba takan bar saura, shi ya sa kamfanonin da kansu suka tanadi kayan sharewa na musamman: MCPR na McAfee, kavremover na Kaspersky, Avast Clear na Avast.

Wannan saura ba ƙaramar matsala ba ce a kwamfutocin hannu da ke cika kasuwanninmu. Mai ita na farko ya sa antibairos, ɗan kasuwa ya ƙara wani, wanda ya saya ya ɗora na uku don ƙarin tsaro. Kowane fayil sai ya ratsa matatai uku, alhali wurin da kanel ke ware wa silsilar kira ɗan kaɗan ne, kilobait 12 a Windows mai bit 32, kilobait 24 a mai bit 64. Sabuntawa ta zo ta ƙara tsawon silsilar da taku ɗaya ko biyu, wurin ya cika ya tumbatsa, kwamfuta ta faɗi. A irin wannan rahoton gwani yakan ga sunayen kamfanoni uku a jere, ciki har da wanda mai kwamfutar zai rantse ya cire shi tun bara.

Daga nan sai hukunci: wanne za a cire, gyaran ko antibairos? Cire gyaran ya fi sauƙi, shafin ceto ma ya tanadi maɓallinsa. Amma gyaran ya zo ne don toshe ɓarakar da yanzu duniya ta san da ita. A ganina, ga kwamfutar gida ko ta ƙaramin ofis mai Windows 10 ko 11, gyaran ne ya kamata ya zauna, antibairos ya fita har sai kamfaninsa ya fitar da wanda ya dace, tunda Microsoft Defender na cikin Windows kuma yakan kama aiki da kansa da zarar baƙon ya tafi. A babbar ma'aikata mai kwamfutoci ɗaruruwa lissafin daban ne, can akan jinkirta gyaran na 'yan kwanaki, a gwada shi a kan kaɗan tukuna. Sanin wanne ya dace da wa, shi ma cikin sana'ar yake.

Ranar Juma'a 19 ga Yulin 2024 duniya ta ga darajar masu wannan karatu. Da misalin ƙarfe 5:09 na asuba agogon Najeriya kamfanin tsaro na CrowdStrike ya tura wani ƙaramin fayil ga manhajarsa ta Falcon, ya janye shi bayan minti 78, amma kafin nan kwamfutoci kimanin miliyan 8.5 sun faɗi, a filayen jirgin sama da asibitoci da bankuna. A wannan karon babu sabuntawar Windows a ciki, amma allon shuɗi ne, don haka sunan Microsoft ya fara yawo a bakin mutane. Masu buɗe rahoto suka ga csagent.sys, direban CrowdStrike, a saman silsila. Sai wani bayani ya bazu a intanet cewa direban ya bi adireshin sifili ne, don a wani rahoto adireshin da aka taɓa yana kusa da sifili. Tavis Ormandy, mai binciken tsaro a Google a lokacin, ya duba umarnin da ke gabanin faɗuwar ya nuna cewa direban yana tantance sifili kafin ya taɓa, wasu rahotannin kuma na nuna adireshi masu nisa da sifili. Da kamfanin ya fitar da nasa binciken sai ga shi: an tsara abu mai gurbi 21, aka ba shi 20, direban ya nemi na 21 ya karanto abin da ke bayan iyakarsa. Wanda ya karanta rahoto ɗaya ya yi kuskure, wanda ya gwama da yawa ya kusanci gaskiya tun kafin mai kayan ya yi magana.

Apple ya fara fitar da irin waɗannan manhajoji daga kanel ɗin macOS tun 2019, Microsoft ma bayan abin da ya faru ya fara aiki da kamfanonin tsaro don su riƙa gadinsu daga waje. A 2025 Microsoft ya mayar da shuɗin allon baƙi a Windows 11. Lambar faɗuwar da sunan direban suna nan a ƙasan allon, rahoton ma yana nan inda yake.

Abin da ke ƙara min son wannan sana'a shi ne ƙofarta a buɗe take. Mark Russinovich, wanda ya kafa Sysinternals tare da Bryce Cogswell a 1996 kafin Microsoft ya sayi Sysinternals ɗin a 2006, ya shafe shekaru yana gabatar da laccoci inda yake warware matsalolin Windows na gaske a gaban jama'a, mataki bayan mataki, kuma da yawansu suna nan a intanet. Littafin Windows Internals, wanda yana cikin marubutansa, shi ne madogarar masu son zurfafawa. Cikin kayan da ya rubuta akwai NotMyFault, manhajar da aikinta kawai ta kayar da kwamfuta ta hanyar da ka zaɓa, ta wani direba mai suna myfault.sys. Yaron shago mai tsohuwar kwamfutar da babu kayan kowa a ciki zai iya fara zaɓar faɗuwar 0xD1, ya buɗe rahoton, ya ga myfault.sys a saman silsila ƙuru-ƙuru. Sai ya zaɓi ta malalar rubutu, ya jira kwamfutar ta faɗi a lokacin da ta ga dama, ya ga WinDbg na zargin wani direban da bai ji ba bai gani ba. Sai ya kunna Driver Verifier a kan myfault.sys ya maimaita, ya ajiye rahotannin biyu gefe da gefe ya gwama silsilolinsu layi bayan layi.